Littattafan Da Ba Sa Dawowa Gida

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maman yara da yaran duka. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ce dai ta ƙi sauƙi, jiya sai da na riƙe ta kafin ta sauka daga matakalar ƙofa. Amma bakinta lafiya lau, ta ce in gaya maka ta fara manta kamanninka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a cikin akwatin littattafai. Kai ka jawo. Duk sanda na kira ka sai ka yi min raɗa, wai kana taro za ka kira ni, kuma har yau ina jiran kiran. Direban motar da ke zaga rassan ɗakin karatu ya ce teburinka yana kan hanyarsa in ya je sauke kaya a hedkwata, shi ya sa na ce bari in koma wa biro da takarda, in ga ko ita ma za ka ce mata kana taro.

Tun da kuka haɗe ɗakunan karatu na yankin nan a ƙarƙashin hedkwata ɗaya ban buɗe baki na yi gardama ba. Kati ɗaya ga kowane reshe, na ce madalla. Kwamfuta ɗaya, na sa tabarau na koya, ko da yake har yanzu ni da ita ba ma ga maciji. Amma wannan sabon tsarin da aka ce kai ka zauna ka tsara, wai littafi ba shi da gida, duk reshen da mai aro ya mayar da shi nan zai zauna, shi ne zai ƙarasa ni.

Ka manta inda reshena yake ne? Ƙarshen layin bas. Mutanen unguwar nan da sassafe suke hawa mota su tafi aiki cikin gari. Ranar Asabar su zo wurina su ari littafi, su karanta shi a bas, in sun gama su miƙa shi a babban reshe, tunda yana bakin tasha kuma kun ce ko'ina ma ɗaya ne. To wa zai ɗauko littafi daga cikin gari ya kawo min nan? Babu. Ƙofata ta zama ta fita kawai.

Kantar da ke gefen taga, inda labaran bincike suke, yanzu hannu biyu ya isa ya kwashe abin da ya rage. Ta yara kuwa ba a magana. Na koma jera littattafai fuska a waje don su rufe gurbi, har tukunyar fure na ɗauko daga gida na ajiye a kanta ta uku. Nas ɗin asibitin bayanmu, wadda ba ta taɓa fita da ƙasa da littafi uku ba, shekaranjiya ta zaga ta zaga ta fita hannu rabbana. Tsohon telan nan da kake yi wa ɗaukar zare kana yaro, idonsa ya yi rauni, sai masu manyan haruffa yake iya karantawa. Da akwai kanta guda tasa. Yanzu saura biyar, kuma duk ya haddace su. Ya tambaye ni ko gwanjo na yi.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Shekara ashirin da wani abu ina tara littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda bangonsa ya yage da wanda shayi ya zube wa. Ka dawo min da su, ko ka gaya min wanda zan je in tsaya a kansa.

Ka gaishe da maman yara.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har sau biyu, na farko a tsaye. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke haƙori, ta hana kowa sakat. Ki ce wa Inna ina nan zuwa, kuma don Allah a daina barin ta tana hawa matakala ita kaɗai.

Yaya, ki yi haƙuri ki saurare ni ba a matsayin Auta ba. Kafin wannan tsarin, fiye da rabin abin da motar rassa ke ɗauka ba littafin da wani ya nema ba ne, littafi ne kawai ake mayarwa reshen da ya fito. Mota ɗaya ce ga rassa goma sha huɗu. Mai neman littafi sai ya jira mako uku saboda akwatuna sun cika da masu komawa gida. Yanzu cikin kwanaki yake samu. Akwai rassan da shekara da shekaru ba su ga sabon bango ba, yau suna gani. Ba don in ɓata miki na yi ba.

Abin da kika faɗa gaskiya ne, na kuma sani. Babban reshe ya cika har ana jibge littattafai a ƙarƙashin bene, ƙananan rassa na bakin gari kuma suna zubewa. Na rubuta cewa a riƙa kwashe rarar ana mayar muku duk wata, shugabar sashenmu ta ce sai kasafin shekara mai zuwa. Kafin nan, duk littafin da mutanenki ke so su nema ta kwamfuta, mota za ta kawo. Tela ma ki nema masa da katinsa.

Akwai wata magana, ita kuma ki bar ta tsakanina da ke, kada ki tayar min da ita a waya ina ofis, bangon nan kwali ne. Kafin ƙarshen shekara kwamiti zai duba ƙananan rassa uku, a rufe ɗaya. Naki yana cikin ukun. Kada hankalinki ya tashi, ba ke ce a ƙasa ba, akwai wanda ya fi ki rauni nesa ba kusa ba. Ki ci gaba da aikinki yadda kika saba, shi ke nan.

Mako mai zuwa zan fita zagayen rassan kudu don saka musu na'urar karɓar littafi, zan ɗan jima. Ki sha maganin hawan jininki, na san in ranki ya ɓaci mantawa kike yi.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Inna tana gaishe ka, ta sami man shafawa da ya ɗan karɓe ta. Ƙaramar kuma Allah ya fito da haƙoran lafiya. Maganina ina sha, kada ka mai da ni yarinya.

Wai a rufe ɗaya. Ka rubuta shi a ƙasan takarda kamar kana ba ni labarin farashin mai, sannan ka ce kada hankalina ya tashi. Ranar da na karanta, tsintsiya na ɗauka na share ɗakin nan sau biyu don kada in yi wa wani rashin kunya.

Batun nema ta kwamfuta kuwa, kai dai ka daɗe ba ka tsaya bayan teburin aro ba. Mutanena ba da suna suke zuwa ba. Da hannu suke zaɓar littafi, su ɗaga, su buɗe tsakiya, su karanta layi biyu, su ajiye, su ɗauki na kusa da shi. Na ce wa tela ya faɗi abin da yake so in nemo masa, ya ce in ya san sunansa ai ya riga ya karanta shi.

To amma dubawa ba baƙuwata ba ce. Tun kana ajin firamare kana yin aikin gida a ƙarƙashin teburin nan ake zuwa duba ni. Na san yadda suke yi. Su zo su uku ko huɗu da mota, ɗaya ya goga yatsa a saman kanta, ɗaya ya bi lambobi ya ga ko an jera daidai, babbansu ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya juya sau ɗaya. A wannan juyin ake yanke hukunci. In ya ga kantoci wayam da tukunyar fure, me kake tsammani zai rubuta? Ba zan bari su same ni a haka ba.

Ga abin da na yanke, kuma na riga na fara. Na farko, na rubuta sanarwa na manna a ƙofa cewa daga yanzu zuwa wani lokaci karatu a nan ne, ba a fita da littafi. Wanda ya matsa sai in ba shi cikin tsofaffin da ko sun tafi ba asara. Na biyu, tunda kun ce littafi inda aka mayar da shi nan ne gidansa, na juya muku tsarin naku. Na roƙi duk masu zuwa aiki cikin gari su riƙa ara a babban reshe su kawo min nan. Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita goma goma za ta riƙa ɗaukowa. Malamin lissafin sakandare ya sa ɗalibansa. Har mai gyaran waya na bakin tasha, wanda ban taɓa ganin ya buɗe littafi ba, ya yi kati don wannan aikin.

Ba doka na karya ba, dokarka na bi. In ka ga wani kuskure a ciki ka faɗa min da wuri. In ka yi shiru na san ka yarda ne, bakinka ne ba zai iya yabon yayarka ba.

Kuma kada ka ji tsoro, ba zan kira ka a kan maganar ba, kai da bangonka na kwali.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ina fatan ka dawo daga kudu lafiya, ko kuwa can ma taro ya riƙe ka. Mun gode da maganin Inna da ka aiko. Da muka yi waya a kan gwiwarta na yi ta jiran in ji ko da kalma ɗaya a kan wasiƙata, ka yi gum. Na ce to, yaron nan ya karanta, kunya ce ta kama shi.

Motarku yanzu sai bayan mako biyu take leƙo mu, direba ya ce an sake masa hanya. Wannan ma cikin inganta aiki ne, ko? Ban dai ce komai ba.

Da za ka shigo ɗakin nan yau da ba ka gane shi ba. Kantar taga ta cika har na kwantar da wasu a sama. Ta yara ta dawo da kyanta, har da waɗanda ban taɓa gani ba masu hoton jirage. Tukunyar fure ta koma gida. Na sa an shafa wa bangon gaba fenti, an gyara fankar da ke kuka, na wanke labule da hannuna. Kullum da safe nakan tsaya a tsakiyar ɗaki in juya sau ɗaya kamar babbansu, in ji sanyi a raina.

Ba wai babu wahala ba. Tela ya yi fushi da ni. Nas ta kawo masu manyan haruffa guda bakwai, ya ga sun iso, ya ɗauki ɗaya ya nufo tebur da katinsa, na ce sai dai ya zauna nan ya karanta. Ya ce bayansa ba ya jure kujerun nan, shi a kwance yake karatu. Na ce ya yi haƙuri na ɗan lokaci ne. Ya ajiye littafin a hankali ya ce, “Hajiya, kin zama mai gadi.” Maganar ta ci min rai, amma na daure. In an rufe reshen gaba ɗaya ina zai je?

Abin da nake so daga gare ka ɗaya ne. Wace rana za su zo? Wata biyu ke nan ina hana mutane, fuskata ta gaji da ba da haƙuri. Ko mako ne ka faɗa min, ba zan ce daga bakinka na ji ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na dawo jiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa.

Wasiƙunki biyu yau da safe na same su a ƙarƙashin tulin takardun da aka jibge min a tebur. Ban karanta ko ɗaya ba sanda muka yi waya a kan Inna, wallahi ban san da su ba. Na kira ki ɗazu, ina fara magana kika ce in ba ranar zuwansu zan faɗa ba kina da mutane a gabanki, kika kashe. To ga shi a rubuce, na roƙi direba ya ratse ya kawo miki yau ɗin nan.

Ba wanda zai zo, Yaya. Babu mota, babu mai goga yatsa. An daina wannan tun da aka haɗe rassa. Kwamiti a ɗakin taro na hawa na biyu yake zama, a haska musu allo, su ga littafi nawa aka ara a kowane reshe wata bayan wata. Abin da ake nufi da dubawa ke nan yanzu. Ba su san launin bangonki ba, ba za su kuma tambaya ba.

Na buɗe alƙaluman reshenki. Duk da zubewar kantocinki, har zuwa lokacin da na rubuto miki kina gaban sauran biyun. Daga nan layin ya faɗo ƙasa kamar an yanke igiyar shanya. Wata biyu kusan babu aro. Su kuma littattafan da kika sa a riƙa ɗaukowa, kowane ɗaya babban reshe aka rubuta wa, domin a can aka ara. Karɓar littafi ba a ƙirga shi. Shugabar babban reshe har yabo ta samu a taron da ya wuce, an ce ta jawo sababbin masu karatu daga bakin gari. Mutanenki ne.

Na ce miki ki ci gaba da aikinki yadda kika saba. Layi ɗaya ne, Yaya, a fili na rubuta shi. Me ya sa ba za ki taɓa ɗaukar maganata yadda na faɗe ta ba? Kullum sai kin nuna kin fi ni sanin aikin. Kin fi ni, ban musa ba, amma wannan ɗakin taron ni nake shiga cikinsa.

Ki cire sanarwar nan yanzu. Sai dai ban san ko zai yi amfani ba, an riga an fitar da alƙaluman an raba wa 'yan kwamiti. Hanya ɗaya ta rage, in tashi in gaya musu abin da ya faru. In na yi haka za a san kin hana aro ba da izini ba, takardar tuhuma za ta biyo, ga ritayarki ta kusa. Ba zan yi ba sai kin ce in yi.

Ƙanenki

*

Auta,

Lafiya muke. Ban gaya wa Inna komai ba, ta ga dai ban ci abinci ba ta ce ko mun yi faɗa da kai ne, na ce aiki ne.

Sanarwa na cire ta tun direba bai tayar da mota ba.

Yanzu ka saurare ni. Ka ce layi ɗaya ka rubuta a fili. To layi na biyu fa, wanda zai ce min ba mutum ne zai zo ba, allo ne? Tawada ce ta ƙare maka? Kun zauna a hawa na biyu kun sake yadda ake auna mu, ba wanda ya taɓa aiko mana da ko rabin shafi. Takardar yadda ake manna lamba a bayan littafi kun aiko ta sau uku. Ni da nake ƙarshen layi ta ina zan sani? Ka san irin dubawar da na saba da ita, a gabanka aka sha yi, har ruwa kake kai musu.

Kuma wa ya fara kwashe min kantoci? Da littattafaina suna dawowa gida da me zai kai ni rubuta sanarwa? Kai ka buɗe ƙofar, ka ce sai kasafin baɗi za a rufe ta.

Ban ce ba ni da nawa ba. Wata biyu ina kallon idon mutane ina ce musu a'a, ni da aka ɗauka aiki don in ce musu ga shi. Wannan tsakanina da su ne, ba sai ka tuna min ba.

Ka tashi ka gaya musu. Duka, kada ka rage komai don ka kare ni, kada kuma ka rage naka. Su rubuto tuhumar, ina da biro. Ka ce musu su cire wata biyun nan su auna ni da sauran. In sun ga dama su aiko mutum ɗaya, ko masinja ne, ya tsaya a ƙofa ranar Asabar ya ga ko unguwar nan tana karatu.

Ban taɓa roƙon ka komai ba tun da ka fara aiki. Wannan ɗin ina roƙo.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Mu ma lafiya, sai dai ban yi barcin kirki ba kwanan nan.

Na faɗa musu. Na fara da nawa, na nuna yadda tsarin ke zubar da rassan bakin gari, sannan na kawo naki, na roƙi a cire wata biyun. Ina gamawa wani ya tambaya ko gaskiya ne mai kula da reshen yayata ce. Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Shugabar kwamiti ta ce to in ɗan jira a waje. A kan benci na ji sauran, ta bangon da na gaya miki.

Sun yi gardama sosai, ba zan ce ba su yi ba. Mutum biyu sun tsaya miki. Amma aka ce in an cire wa reshe ɗaya watannin da ba su yi masa daɗi ba, sauran biyun ma za su kawo nasu uzurin, kuma su ba su hana kowa aro ba. Aka kuma ce alƙaluman sun nuna mutanen unguwarki suna iya zuwa babban reshe, tunda ga shi suna zuwa.

Naki za a rufe, ƙarshen wata mai zuwa. Za a ajiye kabad mai makulli a harabar asibitin bayanku, wanda ya nemi littafi ta kwamfuta ya ɗauka a nan. Ke za a mayar da ke babban reshe har ki yi ritaya. Tuhuma ba za a yi ba, gargaɗi ne na baki.

Shawarar da na kawo ta mayar da rarar littattafai duk wata sun amince da ita a zaman, ba sai baɗi ba. Sauran ƙananan rassan za su amfana. Na san wannan ba abin da za ki so ji ba ne yau, amma gara ki ji daga gare ni.

Direba zai kawo akwatunan kwashe kaya. An ƙiyasta yawansu tun farkon dubawar, ga kowane reshe cikin ukun.

Na so in zo da kaina, na kasa sanin da wace fuska zan shigo. In kin ce in zo zan zo.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Inna ta ji, a bakin maƙwabta ta ji, ta kuma ce ka zo ranar hutu ko da faɗa za mu yi, ita dai ta gan mu a ɗaki ɗaya. Ka zo. Ka taho da yaran, gidan ya yi shiru da yawa.

Na karanta abin da ka rubuta. Ka tsaya, an fitar da kai, ka zauna a benci. Na gode. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce, amma na gode.

Tun ranar da na cire sanarwar nake buɗe ƙofa kafin lokaci. Na ce ko ba komai su ari abin da suka ɗauko da hannunsu kafin a kwashe. Na zaci Asabar ɗin farko ɗakin zai cika. Mutum shida suka shigo, biyu cajin waya suka zo yi.

Na tare Nas a bakin asibiti na ce ta zo ta zaɓa, yanzu ko ashirin take so zan ba ta. Ta riƙe hannuna ta ce, “Kada ki damu Hajiya, ai na saba da can yanzu. Har sun san ni, suna ajiye min sababbi.” Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, tana son ta kwantar min da hankali ne. Ɗaliban malamin lissafi ma can suke tsayawa in an tashi. Ni na nuna musu hanya, har da gaya musu bas ɗin da ya fi sauri.

Tela bai dawo ba. Na ɗauki bakwai ɗin nan da kaina na kai masa gida, na rubuta su a katinsa. Jikarsa ta karɓa a ƙofa ta ce yana kwance. Na ji muryarsa daga ciki yana tambayar wa ya zo, ta faɗa masa, bai ce in shigo ba. Na ce ta gaya masa ya riƙe su yadda ya ga dama, ba mai bin sa. In kwamfutarku ta fara aika masa saƙon tara, kai za ka goge, wannan aikin naka ne.

Jiya direba ya sauke akwatunan, na fara da kantar yara don ita ta fi yi min nauyi, gara in gama da ita. Yau da azahar na rufe na ƙarshe. Ko rabin ɗakin ban kwashe ba. Wanda ya ƙiyasta muku ya auna reshen ne sanda yake wayam, yanzu kuwa ban taɓa ganin sa a cike haka ba tun da na kama aiki. Littattafai ne jibge a kan tebura da kujeru da ƙasa, sai na bi ta gefe nake kaiwa ƙofa.

Ka ce su ƙaro akwatuna, kamar ninki biyu na waɗannan. Ka kuma gaya wa direba sawu ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Yayarka